CZ 457: Ta Dace Da Mai Fara Wasan Harbi A Kebbi?

Duk kulob ɗin harbi da ke shirin sayen bindigarsa ta farko mai ƙaramin harsashin da ake kira .22, sunan da zai fi ji a bakin masu ba da shawara shi ne CZ 457. Kamfanin Česká zbrojovka da ke garin Uherský Brod a ƙasar Cek ne ke ƙera ta, kuma ta shigo kasuwa a 2019 a matsayin magajiyar CZ 455, wadda ita ma ta gaji 452. Ra'ayinmu a kanta a fili yake: bindiga ce ta koyo mai gaskiya, wadda saitinta ya fi na mai riƙe da ita a shekarunsa na farko, amma ba bindigar gasar Olamfik ba ce, kuma wanda ya saye ta da wannan zaton zai kashe kuɗi sau biyu. A yanayin Kebbi kuwa, abin da zai yanke ko ta yi amfani ko ta zama kayan ajiya shi ne takarda, harsashi, da yadda aka kare ta daga ƙura da zafi.

Takarda ce farko, domin ba a zancen bindiga a Najeriya sai da ita. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai bindigogin toka irin na maharbanmu, waɗanda lasisinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. A tsakiya akwai rukunin da CZ 457 ta faɗa ciki, na bindigogin wasa da farauta, kuma lasisinsa na Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne har bindigar iska tana cikin wannan rukunin. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da wanda aka taɓa hukuntawa kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Shigo da bindiga ko harsashi daga waje kuma sai da takardar shaida daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Da halin tsaron da Arewa maso Yamma ke ciki, babu mai hankalin da zai fara daga dillali. Daga hedikwatar 'yan sanda ta Birnin Kebbi ake farawa, da hukumar wasanni ta jiha, a tambayi ko ana ba da lasisi a wannan lokacin da sharuɗɗansa. Tsarin da ya fi dacewa da mu shi ne bindigar ta zama ta kulob, ta kwana a ma'ajiyar makamai da hukuma ta amince da ita, a fito da ita ranar atisaye a rubuta, a mayar da ita a rubuta, har da lissafin kowane harsashi. Wanda kuma ke tunanin tsaron gida ko na gona, ya sani wannan sharhin ba nasa ba ne. Zancen huda takarda muke yi daga nisan mita 50.

To, me ake nema a jikin takardar? A allon gasar mita 50 na Hukumar Wasan Harbi ta Duniya, ISSF, da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne, wato kamar ƙwayar gujiya. Baƙin da ido ke gani ya kai milimita 112.4. Harsashin kansa kaurinsa milimita 5.6 ne, kuma idan gefen hudar ya taɓa layi an ba ka makin, saboda haka tsakiyar hudar tana iya kaucewa da milimita 8 daga cibiya ta kuma ci goma. Wannan lissafin shi ne ma'aunin kowace bindiga. CZ 457 mai kaurin bututu, idan aka ɗora ta a kan jakar yashi aka ba ta harsashin da ya dace da ita, tana tara harbi biyar cikin kusan santimita ɗaya da rabi ba tare da wahala ba. Ke nan tana iya riƙe goma, amma ba ta bar wa maharbi rarar kuskure mai yawa ba. Sabon shiga da ke watsa harbinsa a faɗin tafin hannu ba zai ji wannan iyakar ba. Wanda ya kai matsayin neman maki 10.5 da 10.6, wato hudar da ta fi matsowa cibiya a cikin goman kanta, a kowane harbi shi ne zai fara jin ta matse shi.

Sakatar, wato ƙarfen da ake ja a tura don ɗura harsashi da fitar da kwansonsa, ita ce abin da ya fi burge mu. A tsofaffin 452 da 455 sai an ɗaga hannun sakata digiri 90, har yakan goge jikin madubin hange idan an ɗora shi ƙasa-ƙasa. A 457 an rage shi zuwa digiri 60, don haka mai harbi a kwance yana iya fitar da kwanso ya ɗura wani ba tare da ya ɗaga kuncinsa daga kota, wato katakon bindigar, ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk lokacin da kunci ya tashi ya dawo, ido ba ya komawa daidai inda yake. Sabuwarta takan yi ɗan tauri, sai ta ci 'yan ɗaruruwan harsasai kafin ta yi santsi. Makullin kariya ma an sauya masa wuri: yanzu yana gefen dama, a tura gaba a yi harbi, a ja baya a kulle. Akwai maɓallin cire sakata daban a gefen hagu, ba sai an ja kunama ba, sannan akwai alama a bayan sakata da ke nuna ko allurar da ke bugun harsashi a ɗane take. Ga mai koyar da mutum biyar a jere, wannan alamar tana sauƙaƙa aiki sosai.

Kunamar dai mai kyau ce a farashinta, ba fiye da haka ba. Daga kamfani takan zo da nauyin da ya haura kilo ɗaya, ana iya sassauta ta da sukurori uku: na nauyi, na tafiyar da take yi kafin ta saki, da na tafiyar bayan ta saki. Mataki ɗaya gare ta, wato babu inda take tsayawa a tsakiya kafin ta saki. Bindigogin gasa irin su Anschütz da Walther KK500 kunamarsu mai mataki biyu ce, kuma ana saukar da ita zuwa gram 100 ko ƙasa da haka. A nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Idan aka rage kamun da ke riƙe allura fiye da kima don neman laushi, bindiga tana iya tashi da kanta lokacin rufe sakata. Duk wanda ya taɓa waɗannan sukurori, dole ya gwada da bindiga babu harsashi: ya rufe sakata da ƙarfi sau goma, ya ɗana ya buga gindin kota a kan tabarma, ya kulle makulli ya ja kunama sannan ya buɗe makullin. Idan allura ta faɗi ko sau ɗaya, a mayar da sukurun baya. Mu dai shawararmu ga kulob ita ce a bar kunama kusa da yadda ta zo. Mai koyo da ya saba matsa kunamar kilo ɗaya a hankali ba tare da ya girgiza bututu ba, ya koyi abin da zai yi masa amfani a kowace bindiga.

Sunan 457 ɗaya ne amma samfurinta da yawa, kuma nan ne ake yin kuskuren saye. Lux da Training suna da dogon bututu siriri da saitin ƙarfe buɗaɗɗe irin na farauta. Kyawawa ne a ido, sai dai wannan saitin ba shi ake amfani da shi a gasa ba, kotarsu kuma ta sunkuya ta yadda kunci ba ya samun mazauni idan an ɗora madubi. American siririya ce mara nauyi, ta yawon daji. Scout gajeriya ce don yara. Biyun da suka shafi kulob su ne Varmint da MTR. Dukansu bututunsu mai kauri ne, kuma gaban kotarsu mai faɗi ne da ke zama daram a kan jakar yashi. Bambancin MTR shi ne mazaunin harsashinta matsattse ne irin na gasa, har kan dalmar yana taɓa zanen cikin bututu tun kafin a harba. Wannan yana ƙara daidaito, amma yana da farashinsa: harsashin da aka ɗura ba a harba ba yakan yi gardamar fita, harsasai masu dogon kwanso irin CCI Stinger ba a sa su ciki, kuma datti kaɗan yana sa sakata ta yi nauyin rufewa. Idan kulob zai sayi ɗaya tak da hannaye da yawa za su riƙa taɓawa, Varmint ta fi haƙuri. Idan biyu ne, ta biyun ta zama MTR, a keɓe ta ga waɗanda suka ci gaba.

Inda ta gaza kuwa sai a faɗa dalla-dalla, don dillali ba zai faɗa ba. Gasar ISSF ta mita 50 ba ta yarda da madubin hange ba. Da saitin ƙarfe ake yin ta, na baya mai ƙaramar huda, na gaba mai zobe, a tsayuwa uku: durƙuso, kwance da tsaye. Varmint da MTR ba su zo da saiti ko ɗaya ba. A bayansu akwai layin ɗora saiti mai faɗin milimita 11, wanda saitin baya mai huda zai iya hawa, amma a bakin bututu babu mazaunin saitin gaba, sai an sayo maɗauri daban, kuma sau da yawa tsayin na gaba da na baya ba sa haɗuwa sai an ƙara shimfiɗa. Kotar ba ta da layin ƙarfe a ƙasa na ɗaura matokarin hannu da majanyi. Mazaunin kunci ba ya hawa ba ya sauka, haka ma farantin kafaɗa, alhali tsawon kota da ya dace da kwance ba shi ne ya dace da tsaye ba. Sannan ba ta kai kilo 4 ba, yayin da dokar gasar ta yarda har kilo 8, kuma nauyi yana rage rawar bututu a tsaye. Gidan harsashinta na roba mai cin biyar ne, amma a gasa ɗai-ɗai ake ɗurawa, don haka a haɗa da ƙaramin toshin nan da ake sakawa a madadin gidan harsashi don ɗura ɗaya. Idan aka tara kuɗin gyara duk waɗannan, sau da yawa ya kusa kuɗin tsohuwar Anschütz da aka ƙera don wannan aikin tun asali. Saboda haka CZ 457 ta fi dacewa da gasar cikin kulob, a kan tebur ko a kwance da madubi.

Madubin ba sai mai tsada ba, amma dole ya zama wanda ake daidaita nisan ganinsa zuwa mita 50 ko ƙasa. Yawancin madubin farauta an ɗaure su a kan mita 100 ko kusa da haka, kuma a mita 50 idan ido ya goce kaɗan sai gicciyen saiti da ke cikin madubin ya yi yawo a kan allo, harbi ya watse ba laifin bindiga ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kafa bindiga a kan jaka, a kalli allo, a motsa kai ba tare da taɓa kota ba. Idan gicciye ya motsa, ba a daidaita ba. A yawancin madubai danna ɗaya na maɓallin saiti yana matsar da harbi kusan milimita 3.6 a mita 50, don haka wanda harbinsa ya taru santimita 2 a hagun cibiya, danna biyar ko shida yake bukata. Kada a gyara saiti saboda harbi ɗaya. A harba biyar, a duba tsakiyarsu, sannan a juya.

Harsashi shi ne rabin daidaiton wannan bindiga, kuma shi ne zai cinye kuɗin kulob. A harsashin .22 sinadarin da ke kunna albarushi yana cikin leɓen gindin kwanso, allura tana murƙushe leɓen ne wuta ta tashi. Idan sinadarin bai zagaye leɓen daidai ba, ko albarushin ya bambanta da ɗan kaɗan, gudun harsashi sai ya bambanta, kuma a allo za a ga harbi yana hawa yana sauka. Abin da ake biya a harsashi mai tsada ke nan, wato kamanceceniya. Na gasa nauyin dalmarsa kusan gram 2.6 ne, gudunsa kuma tsakanin mita 320 da 330 a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti. Da gangan aka yi haka, domin harsashi mai gudun da ya wuce sauti yakan tangaɗa lokacin da gudunsa ke faɗowa, iska kuma ta fi tura shi. Duk kwalin da aka rubuta wa babban gudu, na farauta ne, a bar shi. Don atisaye, CCI Standard Velocity da SK Standard Plus sun wadatar. Sama da su akwai SK Rifle Match da Lapua Center-X, a ƙololuwa kuma Eley Tenex, RWS R50 da Lapua Midas+. Ba a cewa mafi tsada shi ne mafi kyau a kowane bututu. Bindiga biyu da suka fito daga kamfani rana ɗaya, kowace tana iya zaɓar nata, har ma a cikin iri ɗaya lambar rukunin da ke jikin kwali tana kawo bambanci.

Ga yadda ake gwadawa. A zaɓi safiya mara iska, a kafa bindiga a kan jaka biyu, gaba da baya. Kowane iri a fara ɓarar da goma zuwa goma sha biyar a gefe, saboda kowane kamfani da irin kakin da yake shafa wa dalma, kuma bututu sai ya ɗauki sabon kakin kafin ya nutsu. Sannan a harba rukuni uku ko fiye na harbi goma-goma, a auna tazarar huda biyu mafi nisa daga tsakiya zuwa tsakiya, a rubuta da lambar kwalin. Rukunin harbi uku yaudara ne, kowane harsashi yana iya yin sa'a sau uku. Wanda ya fi, a saye shi da yawa daga lamba ɗaya iyakar abin da lasisi ya yarda. Ƙaramin kwali yana cin 50, babba 500, katan 5,000. Maharbi ɗaya da ke harba 50 sau biyu a mako zai cinye kusan katan guda a shekara, kuma duk kulob ɗin da bai yi wannan lissafin ba kafin sayen bindiga zai wayi gari da ƙarfe a ma'ajiya babu abin ɗura masa.

Wannan ne ya sa ba mu ganin hikimar fara sabon shiga da .22 kai tsaye. Bindigar iska mai milimita 4.5 a nisan mita 10 tana koyar da tsayuwa, numfashi da matsa kunama da kuɗi kaɗan, gwangwani ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 500, ana yin ta a cikin zaure, kuma ita kanta gasar Olamfik ce mai harbi 60. Dalmarta tana daɗewa a cikin bututu fiye da ta .22, saboda haka tana tona asirin duk wanda ke sakin jiki da zarar ya ja kunama. Ɗayar hanyar ita ce atisayen babu harsashi da CZ ɗin kanta. A nan a kula: a bindigogin da ke bugun leɓe, allura tana iya cin gefen mazaunin harsashi idan babu abin da za ta buga, kuma tabon da za ta bari yana hana kwanso fita. A riƙa saka harsashin roba na atisaye ko kwanson da aka riga aka harba, ana juya shi bayan bugu biyu ko uku.

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗan da littafin kamfani bai yi zancensu ba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Birnin Kebbi da Argungu yana haura digiri 40. Kwalin harsashi da aka bari a mota ko a rana, kakinsa yana narkewa ya taru gefe guda, gudunsa kuma yana ƙaruwa, sai a ga harbi ya hau sama da inda aka saita da safe. A ajiye shi a inuwa cikin kula babu ƙanƙara, a fito da abin da za a harba kawai. Daga hantsi kuma kawalwalniya tana tashi daga ƙasa, allo ya riƙa rawa a cikin madubi, kuma ƙara girman madubi ƙara ta yake yi. Atisaye daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara ya fi awa uku na tsakar rana amfani. A hunturu matsalar iska ce da ƙura. Iskar gefe mai gudun mita 4 zuwa 5 a daƙiƙa tana iya ture harsashin .22 da santimita 2 zuwa 3 a mita 50, wato daga goma zuwa takwas ko bakwai. A filayen gasa ana kafa tutocin iska a mita 10 da mita 30 daga layin harbi, kuma ƙyalle mara nauyi a kan sanda yana yin wannan aikin. Dabara ga mai koyo ita ce ya zaɓi yanayin tuta ɗaya da ya fi yawan dawowa, ya saita a kansa, ya riƙa jira sai ya dawo kafin ya harba.

Ƙura kuwa idan ta haɗu da mai sai ta zama abin goge ƙarfe. Masu son bindiga sukan yi mata wanka da mai, wannan kuwa cutarwa ce a hunturu. Ɗigo ɗaya a ƙyalle, a shafe jikin sakata, ya isa. Cikin sakata inda allura ke gudu a bar shi kusan a bushe, don mai da ya yi kauri da ƙura yana rage ƙarfin bugu, sai a fara samun harsashin da bai tashi ba a ɗora wa kamfanin harsashi laifi. Idan kwanso ya fara maƙalewa, a duba ƙugiyoyin da ke jawo shi da ramukansu a gindin bututu, yawanci kaki ne da toka suka cika su, tsohon buroshin haƙori da tsinke sun isa. Da damina abin tsoro tsatsa ce, musamman a garuruwan bakin ruwa irin su Yawuri. Akwati mai soso yana riƙe laima, don haka ba wurin kwanan bindiga ba ne. Kotar katako ma tana motsi tsakanin bushewar hunturu da laimar Agusta. A riƙa zura takardar kuɗi tsakanin bututu da katako, ta wuce daga baki har kusa da gindi babu tsayawa. Idan ta maƙale, katako ya taɓa bututu, kuma saiti zai riƙa yawo daga mako zuwa mako. Sukurori biyun da ke ɗaure ƙarfe da kota su ma sukan saki idan katako ya bushe. A ɗaure su da makulli mai awon ƙarfi, a rubuta awon, a riƙa maimaita shi, domin ɗaurin da ya bambanta yana sauya inda harbi ke taruwa.

Wankin bututu ba kullum ba. Harsashin gasa ba ya barin tagulla, yawanci kaki da toka yake bari, kuma bututun .22 da yawa sun lalace ne a hannun mai wanki ba a hannun mai harbi ba. A wanke bayan 'yan ɗaruruwan harbi ko idan rukuni ya fara buɗewa. A cire sakata, a saka jagoran sanda, wato ɗan bututun da ke miƙar da sandar wanki, a tura sanda mai gaɓa ɗaya daga baya zuwa gaba, a kiyaye kada ta gogi bakin bututu, domin ɗan tabo a wurin yana karkatar da kowane harsashi. Wurin da ya fi bukatar kulawa shi ne gaban mazaunin harsashi, inda toka ke daskarewa ta yi zobe. Alamarsa ita ce harbin farko ya kauce daga sauran, ko sakata ta yi nauyin rufewa. A jiƙa ƙyalle da maganin narkar da toka a bar shi a wurin minti goma zuwa sha biyar kafin a goge. Bayan wanki kada a yi mamaki idan harbi goma na farko sun watse.

Ƙarancin ƙararta da rashin dukan kafaɗa suna sa mutane raina ta, alhali harsashin .22 yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana da saurin tsalle idan ya bugi dutse, marmara ko fuskar ruwa. Filin kulob yana bukatar tudun ƙasa mai laushi a bayan allo, wanda aka tsince duwatsunsa, mai tsayi da faɗin da ya wuce layin allunan sosai, kuma kada bayansa ya kasance hanya, gona ko burtali. Kada fili ya fuskanci gabas ko yamma saboda rana. A kan layi, sakata a buɗe take da tutar kariya a cikin mazaunin harsashi har sai alƙalin fili ya ba da izinin ɗurawa, kuma babu mai taɓa bindiga muddin akwai mutum a gaba yana canza allo. Idan aka ja kunama harsashi bai tashi ba, a bar bakin bindiga yana kallon allo daƙiƙa 30 kafin a buɗe sakata, don wani yakan yi jinkirin kamawa. Toshin kunne da tabarau wajibi ne ko da ƙarar ba ta da yawa. Dalma kuma guba ce, a wanke hannu da sabulu kafin a ci goro ko abinci, kuma kada yara su tsinci dalma a gindin tudu.

Ta fuskar kuɗi, a kasuwannin waje CZ 457 tana cikin 'yan ɗaruruwan daloli, yayin da sabuwar bindigar gasa ta ISSF ke cin dubbai. A nan gida sai an ƙara kuɗin shigowa, na takardu da canjin dala. Kayan gyaranta suna da sauƙin samu a waje saboda yawan masu amfani da ita, bututunta ma sukurori biyu ne ke riƙe da shi, ana iya sauya shi ba tare da an kai wa maƙeri ba, ko da yake sabon bututu shi ma sai da izinin hukuma. Abin da ya kamata a haɗa cikin oda ɗaya tun farko, don kada a sake bin layin takarda saboda ƙaramin abu, shi ne allura da sifirin ɗinta na ajiya, ƙugiyoyin jawo kwanso, gidan harsashi na biyu, toshin ɗura ɗaya, jagoran sanda, da zobban madubi masu kama layin milimita 11. A tabbatar da wannan awon kafin a biya, domin zobban da aka yi wa layin Amurka na inci uku bisa takwas ba sa zama daidai a kanta, kuma madubin da ke zamewa a hankali yana iya cinye kwali guda na harsashi kafin a gane inda matsalar take.